ƘAFAR TSOHON SOJA DA HAKKINSA

Jawabin lafiya na rediyo, an buga shi domin masu zuwa ɗakunan shan magani na ƙasar Tambuwal da Kebbe

  Yau maganarmu a kan ƙafar wanda ya yi aikin soja ce.

Da wuya a sami gari a ƙasar nan wanda ba shi da tsohon soja, ko gidan da ɗansu ke bariki yanzu. Waɗansu cikinsu su kan zo ɗakin shan magani suna ɗingishi, su ce ciwon nan tun a soja suka samo shi, su tambayi malamin asibiti ko Gwamnati za ta biya su wani abu a kansa. To, ga amsar a taƙaice. Akwai hakki ga wanda aikin soja ya naƙasa, amma ba a biyansa da faɗar baki, sai da shaida a rubuce. Na biyu kuma, ko an biya ko ba a biya ba, ƙafar tana bukatar magani yau, ba ta jiran takarda ta dawo daga Abuja. Waɗannan abubuwa biyu za mu bayyana muku, ku kasa kunne.

WAHALAR DA ƘAFAR SOJA TA SHA

Kakanninmu da suka shiga rundunar sojan Afirka ta Yamma zamanin Turawa, yawancinsu ba takalmi su ke fareti, haka kuma su ke tafiya. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, watau yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945, aka yawaita ba su takalmin soja. A yaƙin nan sojan Nijeriya sun je Afirka ta Gabas a 1940 da 1941, suka bi ta Mogadishu har cikin Habasha. Daga 1943 kuma aka ɗauki runduna ta 81, daga baya ta 82, aka kai su Indiya da ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Miyanma. A can, cikin kwarin Kaladan da duwatsun Arakan, wurare da yawa babu hanyar mota. A ka a ke ɗaukar harsashi da abinci, ana hawan dutse, ana ƙetare rafi, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga matsattsaku. Sunayen barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da barikin Chindit a Zariya, duk daga yaƙin nan aka samo su.

Mazan wancan zamani kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Bayansu aka yi Kwango daga 1960 zuwa 1964, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan ƙasar nan suka tashi daga wajen dubu 10 zuwa wajen dubu 250. Sa'an nan Laberiya daga 1990, da Saliyo, da yaƙin arewa maso gabas tun 2009, da kuma faman da a ke yi da ɓarayin daji a nan kusa da mu. Makamai sun sake, motoci sun yawaita, amma har yau da ƙafa soja ke shiga daji.

YADDA ƘAFA TA KE

Kafin mu yi maganar ciwo, ya kamata mu san ginin ƙafa. A cikin kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙashi 26 da gaɓa 33. Ƙafa biyu ke nan ƙashi 52, watau rubu'in dukan ƙasusuwan jikin mutum.

Ƙasusuwan nan ba a shimfiɗe su ke ba, a lanƙwashe su ke kamar baka. A ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai ƙarfi, ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce kamar tsirkiyar bakan. Duk sa'ad da ka taka ƙasa bakan ya kan ɗan buɗe, tsirkiyar ta miƙe, in ka ɗaga ƙafa su koma. Kun san kuwa ko baka mai kyau, in ana ja masa fiye da ƙima kullum, wata rana ko icen ya tsage ko tsirkiyar ta saki. Haka ƙafar soja ta ke a ƙarƙashin bindiga da harsashi da jaka.

CIWACE-CIWACEN DA AIKIN SOJA KAN KAWO

Na ɗaya, tsagewar ƙashi ta maci. Kurtu ya yi ta maci kwana da kwanaki, sai bayan ƙafarsa ya kumbura, ya riƙa jin zafi a wuri guda bisa ƙashin da ke bayan yatsa na biyu ko na uku. Bai faɗi ba, ba a buge shi ba, amma ƙashin ya yi 'yar tsaga kamar ta tukunya. Wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya fara bayyana ciwon nan a 1855. Sau da yawa ba a ganin tsagar a hoton ƙashi sai bayan mako biyu ko uku. In an huta mako shida zuwa takwas ta kan warke. In aka ci gaba da maci a kanta, ƙashin na iya karyewa sosai ya haɗe a karkace.

Na biyu, ciwon dunduniya. Tsirkiyar nan da muka faɗa ce ta gaji a wurin da ta kama dunduniya. Alamarsa ita ce takun farko da asuba, kamar an taka ƙusa, in an ɗan yi tafiya ya lafa. Mafi yawan masu shi su kan sami sauƙi cikin shekara guda.

Na uku, shimfiɗewar tafin ƙafa. Mutane da yawa haka aka haife su, ba ta kuwa damunsu, wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai wanda bakan ƙafarsa ke faɗawa daga baya sabo da rauni ko yawan kaya, ya kasa tsayuwa mai tsawo.

Na huɗu, jiƙewar ƙafa. Soja ya kwana biyu, uku, ko fiye cikin jiƙaƙƙen takalmi bai cire ba, sai fatar ta yi fari ta yamutse, ƙafar ta mutu, daga baya ta kumbura da raɗaɗi. A ramukan yaƙi na Faransa, a yaƙin 1914 zuwa 1918, ciwon nan ya kwantar da sojoji dubbai. Wani ko bayan shekaru ya kan riƙa jin ƙafarsa na zugi ko tana mutuwa lokacin sanyi.

Na biyar, raunin harsashi, ko ɓaraguzan bom, ko nakiya. Wani lokaci bakin raunin ya rufe amma ƙwayar cuta ta zauna cikin ƙashi. Sai ka ga ɗan rami yana fid da mugunya, ya bushe, ya sake ɓullowa, shekara da shekaru. Wannan shafa magani a bisa ba ya warkar da shi, aikin babban asibiti ne.

Na shida, targaɗe ko gocewar idon sawu da ba a kula da shi ba. Gaɓar ta kan saki, mutum ya yi ta gurɗewa, in girma ya zo ta sandare da ciwo.

CIWON DA BA LALLE NA SOJA BA NE

Ba kowane ciwon ƙafa na tsohon soja ne aikin soja ya kawo ba. Tsohon soja manomi ne kamar kowa. Ƙaya na sukarsa, fartanya na sararsa, faso na tsaga dunduniyarsa da hunturu, maciji na iya saransa a fadama. Akwai kuma ciwon sukari, wanda ke kashe jijiyoyin ƙafa a hankali har mutum ya taka garwashi bai ji ba. Akwai kuturta, ita ma tana kashe ƙafa, amma tana warkewa sarai da ƙwayoyin wata 6 ko wata 12, kyauta kuwa a ke ba da su. Dattawa sun san kurkunu, wanda dā ke kwantar da manoma da damina. A 1988 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, na ƙarshe aka gani a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar nan ta rabu da shi.

Mun kawo waɗannan domin ku gane cewa ƙafa mai gyambo ba ta faɗin inda ta samo shi. Likitan da ya duba ta bayan shekara 20 yana ganin ciwo, amma ba ya ganin ranar da ya fara. Takarda ce kaɗai ke iya faɗa masa.

TAMBAYA UKU

Hakkin soja bayan ya bar aiki yana cikin Dokar Fanshon Sojoji ta 1979. A 2004 aka kawo sabon tsarin fansho na adashi ga ma'aikatan Gwamnati, amma a 2011 aka fid da sojoji daga cikinsa. Hukumar Fanshon Soja ce ke biyansu, ofishinta kuwa yana Dutsen Alhaji a Abuja. Ku lura, fanshon shekarun aiki dabam ne, kuɗin naƙasa dabam. Na farko tsawon aikinka a ke dubawa, na biyu kuwa abin da aikin ya yi wa jikinka.

Mai neman kuɗin naƙasa tambaya uku ke gabansa.

1. Akwai ciwon yanzu, likita ya gan shi, ya rubuta sunansa?
2. Wani abu ya same ka lokacin da ka ke cikin aiki, an kuwa rubuta shi a lokacin?
3. Abin nan da ya same ka shi ne ya kawo ciwon yanzu, ko ya ƙara tsananta shi?

Kamar murhu ne, duwatsu uku. In ɗaya ya ɓace tukunya ba ta zama. Waɗansu masu nema a tambaya ta biyu su ke faɗuwa.

Ga misali. A ce soja biyu suna sintiri da dare, dukansu suka faɗa rami guda, kowanne ya gurɗe idon sawu. Da gari ya waye ɗayan ya tafi wurin likitan bataliya, aka rubuta sunansa da lambarsa da kwanan wata, aka ba shi hutu. Ɗayan ya ce shi namiji ne, kada a kira shi raggo, ya ɗaure ƙafar da tsumma ya sa takalmi. Bayan shekaru dukansu suna tafiya da sanda. Na farko yana da shaida a fayil ɗinsa. Na biyu ba shi da kome sai rantsuwa, ga shi kuwa gaskiya ya ke faɗa.

Sabo da haka, ku iyaye da matan sojoji, in ɗanku ko maigidanku ya zo hutu kun ga yana ɗingishi, ku ce masa da ya koma bariki ya je asibiti a rubuta. Wannan ba ragwanci ba ne. Tun ran gini, ran zane.

KWAMITIN LIKITOCI

Sojan da ciwo ya hana shi aiki, kafin a sallame shi a kan kai shi gaban kwamitin likitocin soja. Su ne ke duba shi, su karanta fayil ɗinsa, su faɗi ko ciwon na aiki ne, su kuma auna naƙasar da kashi cikin ɗari. Wannan hanyar awo ta yaɗu ne tun Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da Ingila ta kafa ma'aikatar fansho a 1916 sabo da yawan waɗanda suka komo da rauni.

Kowace ƙasa da ma'auninta. A Amurka, alal misali, ciwon dunduniya na tsohon soja daga kashi 10 ne zuwa 30, rasa ƙafa guda daga idon sawu kuwa kashi 40. Samari su kan ga irin wannan a wayar hannu su zo su karanta wa iyayensu. To, a sani wannan lissafin sojan Amurka ne, ba shi ke aiki a nan ba. Namu, abin da kwamitin likitocinmu ya rubuta shi ne.

Likitocin ba girman tabo su ke aunawa ba, abin da ƙafar ta kasa yi su ke aunawa. Tafiyar minti nawa ka ke yi kafin ka tsaya? Kana iya tsayawa a ƙafa guda? Gaɓar tana lanƙwasuwa? Kana jin taɓawa a tafin ƙafa? Kana iya noma, ko hawan keke, ko durƙusawa a salla? Ka amsa da gaskiya. Kada ka ƙara, gama likita na da hanyar ganewa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kada kuma ka rage don jarunta. Waɗansu in an tambaye su sai su ce da sauƙi, alhali daren jiya ba su runtsa ba. Abin da ka faɗa shi za a rubuta. In ciwon wata rana ya fi wata, ka faɗi yadda ka ke a ranar da ya fi tsanani, da sau nawa ta ke zuwa a wata.

Wanda aka riga aka sallama ba tare da kwamiti ya duba shi ba, hanyarsa ta fi tsawo. Sai ya rubuta takardar koke, ya haɗa ta da shaidunsa. Ba mu ce lalle za a biya shi ba, hukuma ce ke yanke wannan. Amma koke mai shaida ya fi koke marar shaida nesa ba kusa ba.

KATINKA NA ASIBITI

A nan ɗakin shan magani na ƙauyenku ya shigo cikin maganar. Katin nan da a ke ba ku, wanda waɗansu ke ƙunshe goro da shi, shaida ne. Tsohon sojan da ya nuna kati na shekara 10, kowane zuwa da kwanan watansa, ya nuna ciwonsa ba na jiya ba ne.

Duk zuwan da ka yi, ka roƙi malamin asibiti ya rubuta kwanan wata, da ƙafar da ke ciwo, dama ko hagu, da wurin ciwon, da faɗin gyambon in akwai, da maganin da ya bayar. Ka gaya masa yadda abin ya fara, ya rubuta cewa haka ka faɗa. Amma kada ka matsa masa ya rubuta cewa aikin soja ne ya jawo shi, domin ba ya nan sa'ad da abin ya faru, ba shi kuma da ikon yanka kashi cikin ɗari. Abin da idonsa ya gani shi zai rubuta, darajar katin ke nan.

Ga takardun da ya kamata tsohon soja ya tara wuri guda:

1. Takardar sallama, da lambarsa ta soja, da sunan bataliyar da ya yi aiki da shekarun.
2. Duk wata takardar asibitin soja, da takardar kwamitin likitoci in an yi masa.
3. Katunan ɗakin shan magani da na babban asibiti, da hotunan ƙashi.
4. Katin shaida na tsohon soja, da lambar ɗan ƙasa, da takardun banki.
5. Sunayen abokan aiki waɗanda suka ga abin da ya same shi.

A sa su cikin leda, a sa ledar cikin akwatin ƙarfe, sabo da gara da ɓera da yoyon damina. A yi kwafinsu a gari, a kuma ɗauki hotonsu da waya. Kwafi a ke miƙawa a ofis. Ta asali a nuna, a komo da ita gida. A duba kuma sunan da ke takardar soja ya yi daidai da na banki da na katin ɗan ƙasa, gama bambancin harafi guda ya kan tsai da biya wata da watanni. Uwargida ko babban ɗa su san inda akwatin ya ke, sunan magajin da aka rubuta a fayil kuma ya zama na wanda ke raye.

INDA ZA A DOSA

Wajen magani, a fara da ɗakin shan magani. In abin ya fi ƙarfinsa, malamin asibiti zai rubuta takarda zuwa Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe. Daga can, in ana bukatar likitan ƙashi, sai Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana yin ƙafar roba da takalma na musamman. Sojoji kuma suna da babban asibitinsu na 44 a Kaduna. Akwai tsarin kiwon lafiya na sojoji da waɗanda suka yi ritaya, a hannun kamfanin DHML. Mai karɓar fansho ya tambaya yadda zai sa sunansa.

Wajen takarda, a fara da Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda sunanta a takarda Nigerian Legion, aka kuwa kafa ta da doka a 1964. Tana da reshe a Sakkwato. Mutanenta sun bi hanyar nan kafin kai, sun san ofishin da za a kai kowace takarda. Akwai kuma barikin Giginya a Sakkwato, inda a ke iya yin tambaya. Lokaci lokaci Hukumar Fansho ta kan tantance masu karɓa don ta tabbata suna raye. Kada a bari wannan ya wuce. In ciwon ƙafa ya hana tsoho fita, iyalinsa su sanar da ƙungiya tun da wuri.

A YI HANKALI DA MACUTA

Duk inda a ke jiran kuɗi akwai ɗan damfara. Wani zai zo da riga mai kyau ya ce ya san manya a Abuja, a ba shi kaza ya fito da fayil. Wani zai bugo waya ya ce daga Hukumar Fansho ya ke, a karanta masa lambar asirin katin banki, ko lambar da ta shigo waya yanzu. Kada ku ba shi. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar asiri. Wani kuma zai ce zai samo maka takardar likita ta ƙarya. Wannan laifi ne a shari'a, in an gane kuwa har hakkinka na gaskiya ka jefa cikin hatsari. Duk takardar da ka miƙa a ofis, ka nemi a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata.

KADA A BAR ƘAFA TA LALACE ANA JIRAN KUƊI

Yanzu ga magana mafi nauyi. Akwai masu cewa kada a yi maganin gyambo sai kwamiti ya gani, wai in ya warke ba za a biya ba. Wannan mummunar shawara ce. Katin asibiti da hoton ƙashi sun isa su nuna ciwon da aka yi. Ƙafar da aka yanke kuwa babu kuɗin da zai mayar da ita. Ga ka'idodi ga kowane tsohon soja, da ma duk mai ciwon ƙafa.

1. Ka wanke ƙafa kowace rana da ruwa da sabulu, ka share ta sosai, har tsakanin yatsu.
2. Ka duba tafin ƙafa da dunduniya kowace rana da haske. In ido ya yi rauni, jika ya duba maka.
3. Ka shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya don faso, ban da tsakanin yatsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
4. Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Ka zazzage takalmi kafin ka sa, sabo da tsakuwa da kunama.
5. In ƙafarka ba ta ji sosai, kada ka kusa da ita ga wuta da hunturu, kada ka taka rairayi mai zafi da bazara, ruwan wanka kuma ka gwada shi da gwiwar hannu.
6. Kada ka yanke kanta ko kaushi da reza. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya a ƙafar da ta kumbura.
7. Kada a sa kashin shanu, ko toka, ko ƙasa, ko baƙin mai a rauni. Ta nan a ke samun ciwon nan mai sandarar da muƙamuƙi da wuya, wanda likitoci ke kira tetanos. Akwai allurar rigakafinsa, ka tambaya.
8. In an yi ɗori, yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, ɗaurin ya matse. A kwance shi nan da nan a tafi asibiti.
9. Kada ka riƙa sayen ƙwayoyin kashe zafi a kasuwa kana sha kullum. Waɗansu na cin ciki da ƙoda, waɗansu na tayar da sukari, tiramadol kuwa kama mutum ya ke yi ya kasa bari.
10. Wanda ya wuce shekara 40 ya nemi a auna masa sukari da hawan jini. Mai shan taba ya bari, domin tana toshe hanyoyin jinin ƙafa.

Mai ciwon dunduniya, kafin ya sauko daga gado da asuba, ya kama yatsun ƙafarsa ya jawo su wajen ƙwauri, ya riƙe ya ƙirga 10, ya yi haka sau 10. Ya sa takalmi mai taushin dunduniya.

Akwai alamu waɗanda ba a kwana da su: yatsa ya yi baƙi, rauni ya fara wari, ja da kumburi suna hawa ƙwauri, zazzaɓi tare da ciwon ƙafa, ko ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya da zafi mai tsanani. In an ga ɗaya cikinsu a nemi mota ran nan, ko da ana tsakiyar girbi. Raunin da ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, shi ma a kai shi babban asibiti. Mai ciwon sukari kuwa ba ya jiran mako biyu, ko ƙanƙanen rauni ne ya nuna shi cikin kwana guda.

ABIN TUNAWA

Soja mai aiki, in ka ji rauni ka je a rubuta ran nan. Tsohon soja, ka tara takardunka, ka riƙe katinka, ka bi ta hanyar ƙungiyarku da ofisoshin hukuma, kada ka ba ɗan damfara ko kwabo. A gaban likita ka faɗi gaskiya, ba ƙari ba ragi. Ƙafa kuma a yi mata magani yau.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In akwai tsohon soja a unguwarku wanda ba ya iya fitowa, a kai masa takardan nan har gida, gama ya taka ƙasa mai nisa sabo da mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare waɗanda ke bakin daga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.